Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Al'adu na Nijar: a dubi inda makaɗan jita suke farawa

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku, ina rubuto muku daga Agadas a kan wata magana da na san ba ita ce a saman teburinku ba, ganin halin tsaro da tsadar rayuwa da ake ciki. Amma magana ce da ofishinku zai iya taɓukawa a kanta ba tare da an kashe dukiya mai yawa ba. Maganar ƙungiyoyin makaɗan jita ce, waɗanda duniya take kira makaɗan rok na Sahara. Ba waɗanda suka riga suka yi suna nake nufi ba. Ina nufin shekarunsu na farko, lokacin da ba wanda ya san da su sai 'yan unguwarsu.

Sana'ata gyaran kayan sauti, wato rediyo da lasifika da amfilifaya, saboda haka nakan ga waɗannan yara tun kafin kowa ya gan su. Sukan zo su biyu a kan babur, na baya ya rungume amfilifaya a cinya, an ɗaure murfinta da igiya. In na kwance ta sai in tarar yashi ya cika ta, ga wani sashe ya ƙone ƙurmus saboda wutar janareta da ta yi sama da ƙasa a wurin bikin jiya. Ba tasu ba ce ma, haya suka ɗauko, kuma mai ita yana jira. Kuɗin gyaran sau da yawa ya fi abin da aka ba su a bikin. Jitar da ke rataye a bayan ɗayansu kuwa, in kuka duba wuyanta da kyau, za ku ga tsirkiyar da ta tsinke an ƙulle ta an mayar, domin sabuwa sai an yi saƙo daga Yamai ko Kano, ko a jira wani mai dawowa daga waje.

Abin da muka saba gani shi ne, ranar da ɗan ƙasa ya dawo da lambar yabo daga Turai ko Amurka, a tarbe shi, a ɗauki hoto, a ce ya ɗaga sunan Nijar. Kuma gaskiya ne ya ɗaga. Lokacin da sunan Bombino, makaɗin jita na Agadas, ya shiga jerin masu neman kyautar Grammy ta 2019, shi ne ɗan Nijar na farko da ya kai nan, kuma duk mun yi murna. Sai dai a wannan matakin ba ya buƙatar kowa ya saya masa tsirkiya. Hukumar da ba ta zuwa sai a lokacin tana kama da mai zuwa gona ranar girbi, ba a gan shi ranar shuka ba, ba a gan shi ranar noma ba.

Ranku ya daɗe, ku ba ni dama in tuna muku yadda waɗannan mutane suka fara, domin a cikin farkon nasu hujjata take.

Ibrahim Ag Alhabib yana ɗan shekara huɗu aka kashe mahaifinsa a tawayen Abzinawa na 1963 a arewacin Mali. Ya tashi cikin gudun hijira a kudancin Aljeriya, jitarsa ta farko kuwa da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa ta. A Tamanrasset, wajen 1979, ya haɗu da abokan da suka zama ƙungiyar Tinariwen, daga baya suka shiga sansanonin horon soja na Libiya zamanin Gaddafi. Ba su da kamfani, ba su da kantin sayar da waƙa. Duk wanda ya kawo kaset wanda ba komai a ciki sai su zauna su cika masa shi, ya tafi da abinsa, wani ya kwafa a wurinsa, har waƙoƙin suka zagaye Sahara a aljihun direbobi da 'yan ci-rani. Sai a 2012 suka karɓi Grammy, sama da shekara 30 bayan farawa.

A wajenmu marigayi Abdallah Oumbadougou ne ya share wannan hanya da ƙungiyarsa Takrist n'Akal, a ƙarshen shekarun 1980. Lokacin tawayen Abzinawa na farko a Nijar an haramta kaset-kaset ɗinsa, amma ba su daina yawo ba. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilun 1995 ya dawo yana kiɗa a fili, kuma abin da ya fi burge ni game da shi shi ne inda ya sa ƙarfinsa bayan nan: ya buɗe makarantar koyon kiɗa a Arlit da wata a Agadas. Mutumin da ya sha wahalar koyo a ɓoye ya fi kowa sanin abin da yaro mai koyo yake rasa. Ya rasu a watan Janairun 2020.

Bombino an haife shi a 1980 a Tidene, tawayen 1990 ya kori iyalinsa zuwa Aljeriya, can ya fara taɓa jita. Ya yi kiwo a Libiya, yana kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler yana kwaikwayon yadda yatsunsu suke tafiya. Da ya dawo Agadas, wuraren biki ne makarantarsa. Tawaye na biyu da ya tashi a 2007 ya sa hukumomin lokacin suka ɗauki jita alamar tawaye suka hana ta, an kashe biyu daga cikin makaɗansa, shi kuma ya tsere Burkina Faso. Sai a farkon 2010 ya dawo ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas da yardar Sarkin Abzin. Na kawo wannan ne ba don tono tsohon ciwo ba. Na kawo shi ne don ku ga cewa a tarihin wannan kiɗa, lokutan da hukuma ta fi mai da hankali a kan ɗan jita mai tasowa lokutan hana shi ne. Ya kamata a ce an samu wani lokaci da ta kula da shi don taimako.

Labarin Mdou Moctar ya fi taɓa mu masu magana da Hausa kai tsaye. Ɗan yankin Azawak ne na jihar Tawa, gidansu ba su so kiɗa ba, shi ma da katako da wayar birkin keke ya yi jitarsa ta farko, ga shi bahago. Da ya tashi ɗaukar waƙoƙinsa na farko a 2008, sai da ya tsallaka iyaka zuwa Sakkwato, inda aka ɗauke su da salon waƙoƙin Hausa na lokacin, har da na'urar nan mai lanƙwasa murya. Ba a sayar da su a kanti ba. Ta Bluetooth da memori suka bi wayoyin mutane har arewacin Mali, inda wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙi, Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds, ya ji ɗaya a wayar wani, ya yi ta cigiya har ya gano mai ita, ya zo masa da jitar bahagwai. Ku duba wannan hanya da kyau: daga Azawak zuwa Sakkwato, zuwa Kidal, zuwa Portland a Amurka. Ba ta ratsa ta wani ofishi namu ba ko sau ɗaya.

Etran de l'Aïr 'yan gida ɗaya ne daga unguwar Abalane a nan Agadas. Sun fara a 1995 da jita ɗaya marar wuta, gangarsu kuwa ƙwarya ce da suke bugawa da takalmi. Sun shafe sama da shekara 20 suna bukukuwan talakawa, waɗanda ba su da kuɗin ɗauko manyan makaɗa, kafin faifansu ya fita waje a 2018. Fatou Seidi Ghali ta Les Filles de Illighadad jitar ɗan'uwanta ta riƙa ɗauka tana koya wa kanta a ƙauye. A Yamai kuma Tal National, da Almeida ya kafa a 2000, sun gina kansu ne da kiɗa na awa biyar a dare, kusan kowane dare na mako, cikin Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek.

Za a iya cewa, to, ai ga shi sun fito ba tare da taimakon kowa ba, ashe wahalar ce ma ta gina su. Na sha jin wannan magana, kuma ban yarda da ita ba. Muna ƙirga waɗanda suka tsira ne kawai. Ni kuwa a shagona na ga waɗanda ba su tsira ba: yaran da hannunsu ya fi na wasu da ake ji a rediyo yau, waɗanda bashin amfilifaya ɗaya ya raba su da kiɗa, suka tafi haƙar zinari a Jado ko suka bi motocin Libiya. Ba a rubuta labarinsu a ko'ina.

Manyan ƙungiyoyin rok na Turai ma da talauci suka fara, wannan gaskiya ne, amma akwai abin da suka samu wanda namu ba su da shi, kuma ba kuɗi ba ne. Wuri ne. John Lennon ya haɗu da Paul McCartney, wanda daga baya suka kafa ƙungiyar Beatles tare, ranar 6 ga Yulin 1957 a wani bikin coci a unguwar Woolton ta Liverpool, lokacin ƙungiyar Lennon tana kiɗa da allon wanki da akwatin ganyen shayi da aka ɗaura wa igiya. Wata uwa, Mona Best, ta buɗe ɗakin ƙarƙashin gidanta a 1959 don samari su riƙa taruwa suna kiɗa, nan suka samu dandali. A watan Agustan 1960 suka tafi Hamburg a Jamus, suna kwana a wani ɗaki marar taga a bayan allon gidan silima kusa da bayan gida, suna kiɗa awa huɗu zuwa shida kowane dare. An ma koro ɗaya daga cikinsu, George Harrison, gida saboda shekararsa 17. Da suka dawo, wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai suna Cavern ya karɓe su kusan sau 300 tsakanin 1961 da 1963. Kamfanin Decca ya gwada su ranar 1 ga Janairun 1962 ya ce ba ya so. Wannan ƙin bai kashe Beatles ba, domin washegari suna da inda za su koma su ci gaba da bugawa.

Ƙungiyar U2 ta ƙasar Ireland kuwa da takarda suka fara. A 1976 wani yaro ɗan shekara 14, Larry Mullen, ya manna sanarwa a allon makarantarsu ta Mount Temple a Dublin yana neman masu son kafa ƙungiya. Haɗuwar farko a kicin ɗin gidansu aka yi ta, kuma su da bakinsu sun faɗa cewa ba su iya kiɗa ba a lokacin. Makarantar ta ba su ɗakin da suke gwaji bayan an tashi. A watan Maris na 1978 suka ci wata gasa a garin Limerick, aka ba su fam 500 da damar shiga situdiyo. Ɗakin aji da ƙaramar gasa, iyakar abin da aka yi musu ke nan, kuma ya isa. Tony Iommi na Black Sabbath, a Birmingham, injin masana'antar ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu yana ɗan shekara 17, ya narkar da robar kwalbar sabulu ya yi wa yatsun hula don ya ci gaba da danna tsirkiya. Irin wannan naci yaranmu suna da shi, har ya yi yawa. Abin da Iommi ya samu a kan nacin shi ne gari mai cike da ƙananan wuraren wasa da kantunan kayan kiɗa.

Akwai kuma darasin da Liverpool ta koya a makare. A 1973 aka rufe Cavern aka cike shi da ƙasa saboda aikin jirgin ƙasa, ba wanda ya ga darajarsa. Shekara 11 bayan nan, a 1984, sai da aka sake gina shi, da wani sashe na tsofaffin tubalansa, domin baƙi daga ko'ina suna zuwa suna tambayar inda abin ya fara. Yau gidajen da Lennon da McCartney suka tashi a ciki suna hannun wata ƙungiyar adana kayan tarihi ta Ingila. Mu tsohon garin Agadas ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013, ana kula da ginin ƙasa da hasumiyar masallaci, kuma hakan daidai ne. Amma baƙo da yawa sunan Agadas a bayan faifan jita ya fara ganinsa.

To me nake roƙo? Abu mafi sauƙi shi ne ɗaki. Kusan kowane babban gari a ƙasar nan yana da gidan matasa da al'adu, kuma da yawansu suna da ɗakunan da ke kulle yawancin mako. A ware ɗaya a Agadas, da Arlit, da Abalak, da Tawa, da Damagaram, da Maraɗi, a sa masa wutar sola da batir don a huta da janareta, a ajiye ganguna saiti ɗaya da amfilifaya biyu ko uku, a sa mutum ɗaya mai amana ya riƙe makulli da littafin rubuta layi. Kada a raba wa kowa kaya ya kai gida, domin mun san inda irin wannan rabo yake ƙarewa. A bar kayan a ɗakin, kowace ƙungiya ta zo da awanninta. A ware wa 'yan mata nasu lokacin da rana, yadda iyaye za su yarda su bar su. Cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya da ke Yamai tun 1989 ta nuna abin da wuri ɗaya yake iya haifarwa, ƙungiyar Mamar Kassey ma daga can suka fito. Amma yaron Arlit yana nesa da ita da fiye da kilomita 1,000.

Ku yi magana da abokin aikinku na kuɗi a kan harajin kwastan da ke kan tsirkiya da fatar ganga da ƙananan kayan gyara. Abin da baitulmali yake samu a kansu bai taka kara ya karya ba, amma shi ne yake sa ɗan kasuwa ba ya ɗauko su. Gasar Dan Gourmou ta Tawa kuma, in ana shirya ta, a buɗe rukuni na ƙungiyoyin da ba su taɓa fitar da faifai ba, kyautar ta zama kwanaki a situdiyo maimakon ambulan da za a raba a ƙofar fita. Haka a bikin Iferwan da na Ingal, a ba sababbi dandali da yamma kafin manya su hau.

Sannan akwai maganar takarda. Yaro da bai taɓa ganin kwangila ba, a miƙo masa shafi goma cikin Turanci ko Faransanci, ga tikitin jirgi a gefe, zai sa hannu ko me aka rubuta. Cikin baƙin da suka ɗauki kiɗanmu akwai masu gaskiya da suka raba riba daidai, ban musa ba, amma bai kamata haƙƙin ɗan ƙasa ya dogara ga kirkin baƙo ba. Ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa ya riƙa aiko da wakili jihohi lokaci-lokaci, ya zauna da makaɗa ya yi musu bayani da Hausa da Tamashek, ya karanta musu takarda kafin su sa hannu, ya yi musu rajistar waƙoƙinsu tun ba su bar gari ba.

Na san akwai iyaye da malamai da ba sa son wannan sana'a, kuma ba na raina damuwarsu. Suna tsoron shaye-shaye da yawon dare, kuma wani lokaci tsoron yana da tushe. Amsata gare su ita ce, yaron da ya ƙudurta zai yi kiɗa zai yi, tarihin duk waɗanda na ambata ya nuna haka. Zaɓin da ke gabanmu shi ne ya yi shi a kango bayan gari inda ba mai ganinsa, ko ya yi shi a ɗakin da ke da babba mai riƙe da makulli, ana rufewa in an kira magariba.

Abin da ya fi ci mini rai, wanda kuma ba ya jira, shi ne kaset-kaset. Farkon wannan kiɗa gaba ɗaya a kan kaset yake, ba a rubuce ba, ba a faifai ba. Har yanzu tsofaffi sukan kawo mini su a ƙulle cikin leda ko tsumma, wani an rubuta suna a jikinsa da Tifinag, rubutun Abzinawa, wani ba komai. In na kwance ƙananan kusoshin nan biyar na buɗe, sau da yawa sai in ga zaren ya manne da juna saboda zafi, ko ɗan audugar da ke danna shi ya faɗi. Nakan yanke inda ya tauna, in haɗa bakin biyu da ɗan salatif, in naɗe a hankali da biro. Wani ya tashi, a ji muryar saurayi da jita ɗaya da tafin mata, har da ƙarar kofin shayi a gefe, mai kaset ɗin ya ce wannan wane ne, a wuri kaza, kafin a yi sulhu. Wani kuwa zaren ya riga ya zube gari, ba abin da za a yi. Kowace bazara tana cin wasu. Masu iya cewa wane ne yake waƙa a ciki su ma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, Abdallah ya riga ya tafi da abin da ya sani. Abin da aka ceto zuwa yanzu yawancinsa baƙi ne suka ceto, yana ajiye a ƙasashensu, jikan mai waƙar sai ya sayi data kafin ya ji kakansa.

Aikin ba mai tsada ba ne. Rikoda mai kyau guda biyu, kwamfuta ɗaya, da mutum biyu da suka san gari suka kuma ji Tamashek da Hausa. A yi shela a gidajen rediyo cewa duk mai tsohon kaset ya kawo, a kwafe a gabansa, a mayar masa da abinsa tare da kwafi a memori, a rubuta sunan mai waƙa da wuri da shekara gwargwadon abin da aka tuna. A ajiye kwafi ɗaya a Agadas, ɗaya a taskar gidan rediyon ƙasa a Yamai, kuma kada a sayar wa kowa sai da izinin mai waƙar ko magadansa. Memorin wayoyin shekarun 2000 su ma a haɗa da su, domin sun fi kaset saurin mutuwa.

In kuka amince da wannan, mu masu gyara a garin nan za mu ɗauki nauyin buɗe kaset-kaset ɗin da ɗinke su ba tare da an biya mu ba. Abin da muke buƙata daga gare ku shi ne ɗaki, da na'urorin, da takardar izini mai hatimin ma'aikata wadda za ta sa tsoho ya saki jiki ya fito da abin da ya taɓa ɓoyewa don tsoron hukuma. Ina roƙon a fara kafin zafin bazara mai zuwa.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira.

Naku,
Mai gyaran kayan sauti, Agadas